Dogon bene ba shi ne gari ba: abin da ya faru da tsakiyar Johannesburg ya ishe mu darasi



Duk lokacin da aka sako hoton Dubai ko na Abijan a waya, magana guda muke ji: "Kai! Mu yaushe za mu kai nan?" Abin da ake nunawa cikin hotunan nan kusan iri ɗaya ne: wata unguwa a tsakiyar birni mai dogayen benaye na gilashi, bankuna, manyan otal da hedkwatar kamfanoni. Ita ake kira cibiyar kasuwanci. A Abijan da Dakar sunanta Filato, a Landan Siti, a Faris La Défense. Mu ba mu ƙi ci gaba ba. Amma kafin mu roƙi Allah ya ba mu irinta, ya kamata mu tambayi yadda ta kaya da waɗanda suka riga mu samu.

Yadda irin wannan unguwa take tsirowa ba wani sihiri ba ne. Banki yana son zama kusa da manyan ƴan kasuwa, lauya yana son kusa da banki da kotu, kamfanin inshora yana son kusa da su duka. Da kowa ya nufi wuri guda sai fili ya yi tsada. In fili ya yi tsada sai gini ya hau sama, don a ci riba ninki-ninki a kan ɗan taƙi guda. Daga nan mai iyali ya kasa biyan haya ya kwashe ya koma bayan gari, mai ɗan shago ya bi shi. A ƙarshe sai a samu wurin da ake aiki amma ba a kwana. Siti ta Landan misali ce: girmanta bai cika murabba'in kilomita 3 ba, mutum fiye da rabin miliyan ke aiki cikinta, amma ƙidayar 2021 ta tarar waɗanda ke zaune can ba su kai 9,000 ba. Ranar Lahadi wasu titunanta shiru kamar an yi shara.

Landan tana da kuɗin ɗaukar wannan shirun. Wanda ya fi kama da abin da zai iya samunmu yana nan cikin Afirka, wato Johannesburg ta Afirka ta Kudu.

Zinariya ce ta kafa garin a 1886. Cikin ƙasa da shekara ɗari tsakiyarsa ta zama cibiyar kuɗi mafi girma a nahiyar. A 1973 aka kammala benen Carlton mai hawa 50 da tsawon mita 223, kuma ya fi shekara 40 babu ginin da ya kai shi tsawo a duk Afirka. Sai dai an gina wannan ƙawa ne a kan ƙa'idar wariyar launin fata. Baƙar fata ya zo da safe daga Soweto ya yi shara, ya yi gadi, ya ɗauki kaya, da yamma ya hau jirgin ƙasa ya koma. Ba shi da izinin zama, ba shi da izinin kasa kaya a bakin titi yadda ya so, kuma dole ya riƙe takardar shaida a aljihu in ba haka ba ya kwana a hannun ƴan sanda.

A 1986 aka soke dokar takardar nan, a 1991 aka soke dokar raba unguwanni. Talakawa suka kwararo tsakiyar gari, don nan aiki yake, nan ciniki yake. To a nan ne masu kuɗi suka nuna halinsu. Maimakon a zauna a tsara yadda wurin zai ɗauki kowa, sai manyan kamfanoni suka ci gaba da zarewa ɗaya bayan ɗaya zuwa arewacin birni, musamman wata unguwa da ake ce wa Sandton, wadda tun shekarun 1970 ta fara janye su. Otal ɗin Carlton, inda Nelson Mandela ya yi jawabin nasarar zaɓen 1994, kafin shekarar 2000 an garƙame shi. A shekarar 2000 ita kanta kasuwar hannun jari ta tattara ta koma Sandton. A 2019 ma kambun bene mafi tsawo ya bar Carlton ya koma can.

Benayen da aka bari fa? Wasu masu su sun daina biyan kuɗin ruwa da wuta, suka yi tafiyarsu. Wasu miyagu suka ƙwace su, suka yayyanka ofisoshi da katako da kwali, suna karɓar haya daga hannun bayin Allah da ba su da wurin kwana. Babu famfo, babu makewayi mai aiki, wayar lantarki ta sata tana reto a kan mutane.

Daren 31 ga watan Agusta 2023 gobara ta tashi a ɗaya daga cikin irin waɗannan gine-gine, wanda ake kira Usindiso. Mutum 76 suka rasu, har da yara ƙanana, da baƙi ƴan ci-rani daga ƙasashe irin su Malawi da Tanzaniya. Ginin mallakar hukumar birnin ne. Kuma abin da zai ba ku mamaki, shi ne tsohon ofishin da ake bai wa baƙar fata takardar izinin shiga gari a zamanin wariya. An samu wanda ya amsa cewa shi ya kunna wutar, amma kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Sisi Khampepe ya ɗora wa hukumar birnin alhaki, don ta san halin da ginin yake ciki shekara da shekaru ba ta yi abin da doka ta ce ba.

Yanzu ga tambayar da muke so kowa ya tsaya a kanta: da bankuna suka gudu, wa ya hana tsakiyar Johannesburg mutuwa gaba ɗaya? Ƴan tebur ne da ƙananan ƴan kasuwa. Ƴan Habasha suka kama tsoffin benayen likitoci suka mai da su ɗaruruwan ƙananan shaguna. Fatake, galibinsu mata, suna zuwa cikin manyan motoci daga Zimbabuwe, Malawi, Zambiya da Mozambik suna sarin tufafi, takalma da kayan gida. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta abin da waɗannan fatake ke kashewa a wurin ya kai rand miliyar 10 a shekara. Wanda ya san yadda ƴan kasuwarmu ke lodin kaya daga Kantin Kwari ta Kano zuwa Maradi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sakayyar da aka yi masu ita ce kora. A watan Oktoba 2013 hukumar birnin ta yi wani samame da sunan tsabtace gari, ta tashi dubban masu kasa kaya, har da waɗanda ke riƙe da takardar izini da ita kanta ta ba su. Sai da magana ta kai kotun tsarin mulki, a watan Disamba ta ba da umurni a bar su su koma wurarensu.

A ƙasa guda kuma, birnin Durban ya bi wata hanya. A mahaɗar Warwick, inda tashoshin mota da jirgin ƙasa suka haɗu, daga tsakiyar shekarun 1990 ma'aikatan birni suka zauna da ƴan kasuwa suka tambaye su abin da suke buƙata. Aka yi masu rumfuna, aka ware wa masu dafa abinci wurinsu, masu maganin gargajiya aka ba su wata gadar mota da aka fara aka watsar. Dubban mutane ke cin abinci a wurin har gobe. Da aka zo a 2009 za a rushe tsohuwar kasuwar kayan lambu a gina katafaren kanti, ƴan kasuwar suka tsaya kai da fata har aka fasa.

Su ma waɗanda muke kwaikwayo sun fara juyowa. La Défense da aka soma a 1958, sai da aka tashi gidaje da ƙananan masana'antu, da bukkokin ƴan ci-rani na Nanterre, kafin ta tsaya. Yau, tun bayan korona da mutane suka saba aiki daga gida, masu kula da ita suna neman yadda za su shigo da gidajen kwana da ɗalibai. A Niyok ana ta mai da tsoffin benayen ofis gidajen haya. Wato sun kashe dukiya sun kori mazauna, yanzu suna kashe wata dukiyar su dawo da su.

Wani zai ce mi ya haɗa mu da wannan, mu da ba mu da bene mai hawa 50? Ai ba tsawon benen ne ciwon ba. Ciwon shi ne tunanin cewa tsakiyar gari ta masu kwat ce da baƙi, talaka kuwa datti ne da za a share. Kuma wannan tunanin mun gan shi a gida. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, aka sake gina ta a mazauninta, aka buɗe a 1987, har yau ita ce zuciyar garin. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012, ba a mai da ƴan kasuwarta wurin ba, suka watsu. Daga 2016 aka bi manyan titunan Yamai ana rusa shaguna da rumfuna, ana shirin taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019. An samu sabbin otal, an samu sabon zauren taro, filin jirgi ya canza kama, ba mu musa ba. Amma mai shayin da aka ɗauke wa tebur, da telan da aka rushe wa shago, su ma ƴan ƙasa ne, kuma bayan kowane ɗayansu akwai bakuna da ke jiran tuwon dare. Haka bukukuwan 18 ga Disamba suka zagayo mana, Maradi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Kowa a garinsa ya san abin da aka gina, ya san wanda aka tasa, ya kuma san ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Gaskiya guda ce, dole mu faɗa wa kanmu ita: mu ma ƴan kasuwa muna da namu. Mukan cinye hanya da tebur har motar kashe gobara ta rasa ta inda za ta shiga. Mukan toshe magudanar ruwa da leda, damina ta zo mu yi ta kuka. Mukan ja wayar wuta barkatai a cikin kasuwa. Ba wanda ya ce a bar gari kara zube. Amma tsari daban, kora daban. Mai tsari yakan tambaye ka ina za ka koma kafin ya taɓa rumfarka. Mai kora sai dai ka wayi gari ka ga katafila.

Don haka ga abin da muke roƙon magadan gari da gwamnoni da masu zanen birane, tun garuruwanmu ba su kai inda gyara zai gagara ba.

A gina kafin a rusa. In za a tashi mutane daga bakin titi, wurin da za su koma ya zamana a shirye, kuma kusa da inda masu saye suke bi. Kai mai sayar da goro bayan gari inda ba kowa, daidai yake da ce masa ya bar sana'a.

In an gina sabuwar kasuwa, a sa haya daidai ƙarfin wanda aka tasa, a kuma fara ba shi kafin wani. Shagon da mai jarin jikka hamsin ba zai iya kamawa ba, ba don shi aka gina ba, ko mi aka faɗa ranar yanke ƙyalle.

Duk wanda zai tada bene a tsakiyar gari, a ƙarfafa masa ya yi shaguna a ƙasa, ofisoshi da gidajen kwana a sama. Unguwar da ake kwana cikinta, ake jin kiran salla da hayaniyar yara, ita ke tsare kanta. Wadda ake kullewa ƙarfe 6 na yamma ta zama ta ɓarayi.

A ƙidaya gine-ginen hukuma da aka watsar, a gyara su ko a ba da su haya a fili kowa na gani. Usindiso ma da kaɗan-kaɗan ta fara.

Kuɗin tikiti da patanti da ake karɓa kullum a kasuwa, a gan su a ƙasa: famfo, makewayi, inuwa, kwashe shara, da hanyar da motar kashe gobara za ta ratsa.

Kakanninmu ba su jira wani ya koya masu cibiyar kasuwanci ba. Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, fiye da shekara 500 ke nan. Zangon Damagaram ya sauki ayarin raƙuma daga Agadas da Tarabulus tun kafin zuwan Nasara. A waɗannan wurare fatake na sauka gidan fatoma, a ci, a kwana, a yi salla, a ƙulla ciniki, duk a unguwa guda. Ba su da gilashi, amma ba su taɓa zama kufai da faɗuwar rana ba.

Muna son bankuna, muna son otal, muna son benaye masu kyau a Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai. Abin da ba mu so shi ne a gina su a kan guraben abincin mutane, bayan shekara 30 masu su su ga wata sabuwar unguwa su kwashe, su bar wa jikokinmu kango. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku da kuke cikin kasuwannin nan, ku kuka fi kowa sanin inda yake yi maku ƙaiƙayi. Ku faɗa mana yadda abin yake a garinku. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare mana kasuwanninmu daga gobara, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.