LITTAFI A HANNU, TUKUNYA A MURHU

'Yan'uwana ɗalibai, malamanmu da iyayenmu na ikkilisiya, akwai wasu littattafai da ake yi wa kallon hadarin kaji, wato ƙagaggun labaran da aka gina a kan matan Littafi Mai Tsarki. Ra'ayina shi ne mu karanta su, mu kuma koyi girki a gida, domin abubuwan nan biyu suna taimakon juna.

Ku dubi Dinatu 'yar Yakubu. A Farawa sura 34 an ci mutuncinta, 'yan'uwanta Saminu da Lawi suka zare takobi dominta, amma ko kalma ɗaya ba mu ji daga bakinta ba. A 1997 wata marubuciyar Amurka, Anita Diamant, ta rubuta The Red Tent, inda Dinatu take ba da labarinta da kanta. A 2000 da 2001 kuma Francine Rivers ta fitar da ƙananan littattafai biyar a kan matan da ke cikin asalin Yesu a Matiyu sura 1: Tamar, Rahab, Rut, Batsheba matar Uriya, da Maryamu. Irin waɗannan littattafai suna sa mu dakata mu tambaya: yaya matar nan ta ji a ranta?

To, ina girki ya shigo? Sau da yawa a wajen abinci ne muke haɗuwa da matan nan. Saratu ta kwaɓa gari awo uku saboda baƙin Ibrahim. Rut ta wuni tana kalar sha'ir don ta ciyar da surukarta. Abigiyel ta tari Dawuda da mutanensa wajen 400 masu ɗauke da takuba, ta kai musu gurasa 200 da gyararrun tumaki 5 da sauran guzuri, da haka ta hana zub da jini. Gwauruwar Zarefat ba ta da kome sai ɗan gari da ɗan mai, duk da haka ta fara toya wa Iliya.

Wanda bai taɓa hura wuta ba zai karanta wannan ya wuce. Amma wadda ta taɓa tuƙa tuwon mutum ashirin ta san gurasa 200 ba wasa ba ce. Wanda ya taɓa ganin mahaifiyarsa tana karkaɗe buhu a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, shi ne zai gane bangaskiyar gwauruwar nan.

Wasu iyaye suna tsoron kada yara su kasa bambanta Maganar Allah da tunanin marubuci. Tsoronsu yana da tushe. Diamant, alal misali, ta mai da abin da ya faru a Shekem labarin soyayya, alhali Farawa ya nuna wulakanci ne. Maganin wannan shi ne a karanta da Littafi Mai Tsarki a buɗe a gefe, ana gwadawa, kamar yadda mutanen Biriya suke bincika Nassi kullum. Ƙagaggen labari daddawa ne: yana ƙara wa miya armashi, amma ba a cika ciki da shi.

Ku kuma samari, kada ku ce wannan zancen mata ne. Yakubu ya dafa fate da hannunsa, Ubangiji Yesu ma ya shirya wa almajiransa kifi a kan garwashi a bakin teku.

Saboda haka idan an tafi hutu, kowa ya nemi littafi ɗaya ya karanta, ya kuma karɓi muciya daga hannun Mama ko da sau ɗaya a mako. Allah ya ba mu fahimta, amin.