Tubali Ba Abin Kunya Ba Ne

A garin Mesilla na Amurka akwai gidan abinci, La Posta, da ke ciyar da baƙi cikin tsohon ginin ƙasa tun 1939. Masu shi da tubalin suke tinƙaho. Mu kuwa, magada Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya, da zarar maigida ya kwanta dama sai a sa soron gado a kasuwa, mai saye ya rushe azara da dagi, ya jera shagunan siminti masu zafi kamar tanda. Wai zamani! Wannan ci gaban mai haƙar rijiya ne. Ya ku ɗalibai, kuɗin gado ƙarewa suke yi, zauren da aka rushe kuwa ba ya dawowa.