Takardar Koke Kan Karatun 'Ya'yanmu Bayan Sakandare

Zuwa ga Mai Girma Ministan Ilimi Mai Zurfi, Yawunde,
ta hannun Mai Girma Gwamnan Yankin Litoral.

Ranka ya daɗe,

Mu iyaye da ɗalibai na unguwannin Hausawa a New Bell, cikin Duwala ta biyu, muke kawo kukanmu gabanka. Yawancinmu mahauta ne, da masu tsire, da teloli, da 'yan tireda a kasuwar Kongo da babbar kasuwa. Iyayenmu allo suka ba mu. Mu kuma muka haɗa wa 'ya'yanmu allo da boko, har ga shi suna cin bakaloriya. To daga nan ne hanya take tsukewa.

Tun gyaran 1993, shekarar da aka kafa Jami'ar Duwala, aka soke tallafin da gwamnati take ba ɗalibai, aka sa kuɗin rajista sefa dubu 50 a shekara. Ba a ƙara shi ba, mun kuma yaba. Sai dai wannan kuɗin na sassan da ake cunkoso ne, inda yaro zai gama digiri ya dawo ya hau babur ɗin haya, wato benskin. Makarantun da ke kai mutum ga sana'a, irin su IUT da ENSET da ESSEC da tsangayar likitanci, sai ta jarrabawar shiga, kuma kowace jarrabawa da kuɗinta. Ga tambarin haraji a kan kowane kwafin takarda, ga takardar shaidar ɗan ƙasa, ga hotuna, ga kuɗin zirga-zirga. Mai hali yakan sa ɗansa ya zauna jarrabawa uku ko huɗu. Mai tsire kuwa ɗaya zai iya, in yaron ya faɗi shi ke nan sai baɗi, in ma zuciya ba ta karaya ba. Wanda ya juya ga makarantu masu zaman kansu don neman takardar shaidar BTS, ɗaruruwan dubban sefa ake nema a shekara, kuma uban da bai yi boko ba ba shi da yadda zai gane wadda hukuma ta amince da ita.

Akwai kuma yaran da ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, dole sai an bi ta kotu. Yarinya ce ta fi shan wahalar duk wannan, domin in kuɗi bai isa biyu ba, an san wa ake zaunarwa a gida.

Don haka muna roƙo a yafe ko a rage kuɗin jarrabawar shiga ga 'ya'yan marasa ƙarfi, a kuma karɓi takardu guda ɗaya ga jarrabawoyin jami'a ɗaya. Kyautar ƙwazo ta sefa dubu 50 da ake ba ɗaliban jami'a tana zuwa ne ga wanda ya riga ya shiga. Muna neman tallafi ga mai shekarar farko. A riƙa manna jerin makarantun da aka amince da su a ofishin magajin gari da makarantun sakandare, a turo masu ba da shawara unguwanninmu kafin a buɗe rajista, mu za mu kawo masu fassara. A kuma sa hannu wajen hukumomin shari'a su zo zaman kotu a unguwa don takardun haihuwa.

Muna jiran amsarka kafin lokacin jarrabawoyin shiga na bana.

Allah ya ja zamaninka.

Iyaye da ɗalibai,
Unguwannin Hausawa, New Bell, Duwala.