Ina Muka Dosa? Hanyar Zama Mai Binciken Lafiya

 A makon jiya wata ɗaliba 'yar aji biyar a sakandare, daga unguwar Ƙofar Marusa a nan cikin birnin Katsina, ta aiko mana da tambaya. Ta ce tana son karatun likita, amma abin da ya fi damun ta shi ne sanin dalilin da ya sa cuta take kama wani ta bar wani. Ta ce ko akwai aikin da ake biyan mutum don ya nemo amsar irin wannan tambaya? In akwai, ta ina ake bi?

Akwai, ƙanwarmu. Sunan aikin binciken lafiya. Da yawanmu in an ce bincike sai mu hango Bature da farar riga a Ingila ko Amurka. To bari mu kawo muku labarin abin da aka yi a nan kusa da mu.

Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata masu jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana cinye rayukan mata kusan 70,000 duk shekara. A ƙa'idar likitoci, idan mace ta zubar da jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa, wato kimanin cikin ledar fiya wata guda, an shiga haɗari. Matsalar ita ce, shekara da shekaru da ido ake kimanta jinin, ido kuwa ba mudu ba ne. Kafin a farga mace ta galabaita.

Sai wasu masu bincike suka ce me zai faru in aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu, mai layukan awo, ta yadda ungozoma za ta ga yawan jinin da lamba? Kuma da zarar ya kai layin haɗari, a haɗa mata duk matakan ceto a lokaci guda, maimakon a gwada ɗaya a jira, sannan a gwada wani? Aka jarraba wannan dabara a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Sunan binciken E-MOTIVE. Da aka fitar da sakamako a 2023, sai aka ga munanan abubuwan da zubar jini ke jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100 a asibitocin da suka bi sabuwar hanyar. Wadda ta jagoranci aikin a Najeriya ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi karatun likita. A 2024 mujallar Time ta Amurka ta sa ta cikin mutum 100 mafiya tasiri a harkar lafiya a duniya.

Ga misali na biyu. Kusan kowannenmu ya san gidan da ake fama da ciwon sikila, domin ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara a Najeriya. Wasu daga cikin yaran nan suna gamuwa da shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini ake yi musu kowane wata don rigakafi, abin da ya fi ƙarfin yawancin iyalanmu. Likitocin Kano da Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yara da na'ura don gano waɗanda ke cikin haɗari, sannan suka gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yara 220. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ko da ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya. Wannan amsa ce da ta dace da aljihun talaka, kuma mutanen da suka san halin da talakan yake ciki ne suka nemo ta.

Kun ga bambancin ke nan. Likita yana duba mara lafiyar da ke gabansa, kuma aikinsa babba ne. Mai bincike kuwa yana nemo amsar da dubban likitoci za su yi aiki da ita a kan mutanen da bai taɓa gani ba. Mutum ɗaya yana iya haɗa biyun, da safe yana asibiti, da yamma yana kan alƙalumansa.

To ta ina ake bi? Matakin farko yana hannunku yanzu: kiredit biyar a WAEC ko NECO, a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. A jarrabawar JAMB kuma mai neman likitanci yana zana Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Karatun likita shekara shida ne. Bayansa sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sai shekarar bautar ƙasa. Daga nan wanda ke son ƙwarewa a fanni guda, kamar yara ko mata ko tiyata, sai ya shiga horon ƙwararru a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ko na Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato. Horon yakan ɗauki shekara huɗu zuwa shida. Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas, ko takwarorinta na Afirka ta Yamma, su ke shirya jarrabawar. Abin lura a nan shi ne, a al'adar wannan horo sai likita ya gudanar da bincike nasa na kansa, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban manyan malamai, kafin ya zama babban likita. Ashe bincike yana cikin tsakiyar aikin.

Yanzu ga abin da muke so ku riƙe da kyau. Gurbin likitanci kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. Duk shekara muna ganin ɗalibai masu ƙoƙari suna zaman gida shekara biyu, uku, suna maimaita JAMB saboda sun rantse in ba likita ba sai dai a fasa. Wannan asara ce. Binciken lafiya aikin gayya ne. Yana buƙatar masanin gwaje-gwajen asibiti, da mai haɗa magunguna, da ma'aikaciyar jinya, da ungozoma. Yana buƙatar wanda ya karanta ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta ko sinadaran jikin ɗan Adam, kuma ana koyar da irin waɗannan a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma. Yana kuma matuƙar buƙatar gwanin lissafi da ƙididdiga da kwamfuta, don shi ne zai tantance ko maganin ne ya yi aiki ko kuwa dace aka yi. Wanda ya bi ta waɗannan ƙofofi zai yi digiri na farko, sai na biyu, sai na uku, kuma a digiri na uku ne ake koyon tsayawa da ƙafa a fagen bincike.

Wuraren horo ma muna da su. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar ACEPHAP mai nazarin lafiyar al'umma, a Jami'ar Ahmadu Bello kuma akwai cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Dukansu suna cikin shirin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa, kuma suna horar da ɗaliban digiri na biyu da na uku. Tun 2008 akwai shirin NFELTP, wanda ke horar da likitoci, likitocin dabbobi da masana gwaje-gwaje tsawon shekara biyu kan yadda ake bin sawun annoba gari-gari. Su ne ake turawa idan sanƙarau ko kwalara ta ɓulla, su gano inda ta faro. Akwai kuma Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya a Yaba ta Legas, da Cibiyar Binciken Magunguna a Abuja, wadda ta taɓa samar da maganin sikila mai suna Niprisan daga tsirran ƙasar nan.

Mun san tambayar da ke ranku: kuɗi fa? Ba za mu ɓoye muku ba, hanyar tana da tsawo kuma tana da tsada. Amma akwai tallafi. Jihar Katsina tana da hukumar ba da tallafin karatu. Tun 2024 asusun NELFUND yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa. Wanda ya zama malami a jami'a ko kwalejin gwamnati, asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙaro karatu da gudanar da bincike. Akwai kuma tallafin Commonwealth na karatu a Ingila. Wasu daga cikin waɗannan sakamako mai kyau suke dubawa, shi ya sa makin da za ku samu a zangon nan ba abin wasa ba ne.

Sai magana a kan amana. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Raunin da wannan ya yi wa yardar jama'a ya daɗe bai warke ba. Yau doka ta tanadi cewa sai kwamitin ɗa'a ya amince kafin a yi bincike a kan ɗan Adam, kuma sai an yi wa mutum bayani ya fahimta ya yarda. Wa ya fi dacewa ya yi wa tsohuwa a Batagarawa ko Jibiya wannan bayani da Hausar da za ta gane, in ba jikanta ba? Kuma akwai abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba komai iliminsa. Don haka 'yan mata, wannan fage yana jiran ku.

Me za ku fara yi daga gobe? Ku daina gudun darasin gwaji a ɗakin kimiyya, ko da kayan aikin kaɗan ne. In sakamakon gwajinku ya saɓa da na littafi, ku rubuta abin da kuka gani, sannan ku tambayi malam dalili. Wanda ya saba gyara lamba don ta yi daidai da ta allo, ko ya saba satar amsa, ya koyi halin da zai iya kashe mutane in ya girma. Ku shiga ƙungiyar JETS in makarantarku tana da ita. Ku ƙarfafa Turancinku, don da shi ake rubuta sakamakon bincike, ku kuma riƙe Hausarku, don da ita za ku yi magana da jama'a.

Ga kuma aikin gida. Da izinin malamin ajinku, ku sami ƙaramin littafi ku riƙa rubuta yawan waɗanda ba su zo ba saboda zazzaɓi kowace rana, lamba kawai ban da suna. Ku yi wata guda da damina, wata guda da hunturu, ku kwatanta. Sannan ku tambayi kanku: me ya kawo bambancin, kuma ta yaya za mu tabbatar? Duk ajin da ya kammala ya aiko mana da abin da ya samu, za mu buga a wannan fili.

Kada kowa ya ce wannan ba gadonmu ba ne. Birnin nan ne ya fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya wallafa littattafai, ya rasu a Alƙahira a 1741. Kullum muna wucewa ta gindin hasumiyar Gobarau, shaidar cewa an daɗe ana neman ilimi a garin nan. Sai ku ɗora daga inda suka tsaya.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da sa'ar karatu, amin.