Silon tsohuwar mota: a biya bakanike kuɗin gano ciwo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Shargalle, inda hanyar Katsina zuwa Daura ta ratsa ƙaramar hukumar Dutsi, ya san kukan tsohuwar akori-kura da aka loda wa buhunan gero ko awaki za ta kasuwar Mai'adua. Mota na tsaye, direba ya sauka yana lissafi da masu kaya, babu ƙafar kowa a kan totur, amma inji na ta ruri kamar ana hawan tudu. Masu sana'a sai su ce silo ya yi yawa. Maganin da aka saba shi ne a ɗaga bonet, bakanike ya sa sukundireba ya murɗa sukurun silo a jikin kafireta har ƙarar ta kwanta, a ba shi na goro, a kama hanya. A ganina wannan al'ada asara ce, domin yawan silo alama ce ta wata cuta, kuma har yanzu masu mota ba su saba biyan kuɗin gano cuta ba.

Injin fetur mai lafiya, idan ya ɗumama, yana juyawa wajen sau 700 zuwa 900 a minti ɗaya in yana tsaye. Galibi ba ya wuce haka sai ya sami iska ko mai fiye da abin da aka auna masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙasa irin tamu, inda zafin bazara ke gasa roba, ƙurar hunturu kuma ke shiga ko'ina, ƙananan tiyo-tiyon da ke jikin inji kan bushe su tsattsage, gasket ɗin ƙarƙashin kafireta ya saki, iska ta riƙa kurɗawa ta bayan gida. Wani lokaci wayar totur ce ta cije, ko sifirin da ke maido da ita ya gaji, ko cok ya maƙale bai koma ba, ko an kai tayimin gaba da yawa. A motoci masu injekta akwai wani laifin da mu muke jawowa da hannunmu: cire tamostat da sunan hana mota zafi. Inji sai ya daɗe bai kai ɗuminsa ba, ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai da silo. A duk waɗannan, sukurun silo ba shi da laifin komai. Murɗa shi barin jaki ne ana dukan taiki.

Abin da ke biyo baya ya wuce ƙara a kunne. Injin da iska ta yi wa yawa yana ƙona mai da zafi fiye da ƙima, a hankali ya cinye bawul. Giya kan yi gardama wajen shiga, kuloci na ci. Mafi haɗari, idan tiyon da ke zuwa tulun birki ne ya fashe, birki zai yi tauri a ranar da mota ke ɗauke da lodi da mutane a samansa. Ga kuma aljihu. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Matsakaicin inji yana shan wajen lita guda a awa yana tsaye lafiya lau, balle wanda silonsa ya ninka. Motar kasuwa kuwa rabin yininta jiran lodi ne.

Direba zai ce shi da kansa ya sa aka ɗaga silon, don batir ya yi sanyi, in mota ta mutu sai an tura. Uzurinsa abin ji ne, amma lissafin bai fita ba: kuɗin man da ke ƙonewa a banza cikin 'yan watanni zai iya gyara cajin ko ya sayi batir, kuma motar da ba ta tsayuwa sai da babban silo tana faɗa maka ne fulogi, tayimin ko kafireta na neman dubawa. Bakanike shi ma zai ce a garejin ƙauye babu kwamfutar gwaji irin ta Kano ko Katsina. Tsohuwar Peugeot 504 ko Hilux mai kafireta ba ta buƙatar ta. Kunne yana jin fitar iska kamar hucin maciji. A matse tiyo ɗaya bayan ɗaya, wanda aka matse ƙarar inji ta sauya, shi ne ɓarawon. A yayyafa ruwa a bakin gasket a saurara, kada a yi da fetur don gudun gobara. A cire wayar totur a ga ko silon zai sauka. Aikin rabin awa ne, jarinsa haƙuri.

To me ya hana a yi? Yadda muke biya. Mai mota yana jin ya biya abin da ya gani ne kawai: sabon ƙarfe a kwali, ko hannu dumu-dumu da baƙin mai. Bakaniken da ya yi minti talatin yana sauraro, ya gano tiyon da bai kai kuɗin faranti guda na shinkafa ba, da wuya a ba shi abin kirki, alhali wanda ya ce a sauya kafireta gaba ɗaya shi ake kira gwani. Muddin haka ne, yaran da ke koyon aiki za su tashi sun iya kwancewa da ɗaurawa, ba su iya bincike ba. Ya kamata ƙungiyoyin direbobi da na bakanikai a shiyyar Daura su yanke kuɗin dubawa daban da kuɗin gyara, kowa ya san shi tun kafin a ɗaga bonet. Mai mota kuma, kafin ya bari a taɓa sukurun nan, ya yi tambaya guda: Malam, ta ina iskar ke shiga?