Amsawa da murya ɗaya ba karatu ba ne

Na shekara fiye da goma ina auna aikina da kunne. In na rubuta jimlar Faransanci a allo, na bi ta da sanda, yara suka ɗauka da murya ɗaya har masu wucewa zuwa rijiya suna ji, sai in koma gida da daɗin rai, yau an yi karatu. Haka aka koyar da ni, haka na ga mushen da ya koyar da ni yana yi, kuma iyaye ma abin da suke so su ji ke nan. Aji mai amo shi ne ajin malamin kirki.

Wata yarinya ce a wani ƙauye na karkarar Urafane ta ɓata mini wannan lissafi. Ranar na rufe allo da zane, na kira yaran ɗaya bayan ɗaya, na miƙa wa kowa jimlar da muka kwana uku muna rerawa, amma na sauya wa kalmomin wuri. Yarinyar nan, wadda muryarta ta fi ta kowa tashi, ta dubi takardar ta rera mini jimlar yadda take a allo jiya. Ba ta ga an taɓa komai ba. Da yamma na tarar da ita tana tallan gyaɗa, wani ya ba ta dala ɗari ya sayi na dala talatin da biyar, ta ƙirga masa canjinsa kafin ni in gama lissafi a kaina. Ita ce na ba sifiri a lissafi satin da ya wuce. A aji mun tambaye ta 500 a cire 175 da harshen da ba ta ji, a kasuwa kuma tana yin lissafin nan ɗin da dala, da harshen da take mafarki da shi.

Mun daɗe muna riƙe da cewa Hausa ita ke hana yaro jin Faransanci. Waɗanda suka kai shekaruna sun san sambol, ƙashi ko ɗan katako da ake rataya wa wanda ya kuskura ya yi yaren gida a lakwal, ya yini yana farautar wanda zai miƙa wa. Sambol ya tafi a yawancin wurare, tunanin da ya haife shi yana nan. Alhali yaro sau ɗaya yake koyon karatu a rayuwarsa, wato gane cewa wannan alama ita ce wannan sauti, in an haɗa su a samu kalma mai ma'ana. In ya haɗa "ra" da "go" ya ji "rago", ya yi dariya ya dubi abokinsa, ya kama sirrin. In ya haɗa harufa ya samu kalmar da bai taɓa ji ba, ta ina zai san ya yi daidai? Sai ya jira bakin malam, ya haddace.

Wannan ba sabuwar magana ba ce a Nijar, shi ne abin da ke ba ni haushi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta ce a firamare harshen uwa ne na koyarwa, Faransanci kuma darasi ne tun shekarar farko. Duk da haka, da aka yi gwajin PASEC na 2014, ko ɗaya cikin goma na yaran da ke gama firamare a ƙasarmu bai kai mizanin karatun da ake bukata ba. Doka tana Yamai, allo yana ƙauye.

Iyaye sukan ce mini, ai a makarantar allo ma hadda ake yi, kuma yara suna fita da karatu. Gaskiya ne, amma ku duba da kyau. Ko da tsakar gida ta cika da amo, malamin allo ba ya barin yaro ya wanke allonsa sai ya zo gabansa shi kaɗai ya biya. Kowa yana inda ƙarfinsa ya kai shi. Mu a lakwal mun ɗauki amon, mun bar biyawar, muna tura yaro aji na gaba don shekara ta ƙare, har ya kai CM2 bai raba "b" da "d" ba.

Na san abin da 'yan'uwana malamai za su ce: yara sun yi yawa, rumfar zana ce, littattafan Hausa ba su isa ba, ɗan kwantaragi yana jiran albashi. Ban musa ko ɗaya ba. Abin da na iya yi shi ne ware rabin awa kowace safiya, in raba yara gida uku bisa abin da kowa ya iya, ba bisa shekarunsa ba: masu harufa, masu gaɓoɓi, masu jimla. Takardun da hannu na rubuta su a bayan kwalin sukari. Wata uku na farko anspekta da ya shigo da ya ce ajina ya lalace.

A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Na yi murna, amma da tsoro a ciki. Daga Tasawa zuwa Mayahi akwai 'ya'yan Fulani da na Buzaye da ke zuwa aji da Hausar kasuwa kawai, wasu ma babu. A ajina na bana akwai uku. Satin jiya na kama kaina ina nuna musu jimlar Hausa da sanda, suna amsawa tare da kowa, da ƙarfi.