Hutun da Ke Karya Tsoho

A ƙasashen Turai da Amurka akwai gidaje da unguwanni da aka keɓe wa tsofaffin da suka ajiye aiki. Ana dafa musu abinci, a yi musu wanki da shara, ga kuma ma'aikatan jinya dare da rana. Duk wanda ya hangi wannan tsari daga nesa zai ce an gama wa tsoho gata. Sai dai gatan da ya raba mutum da aiki da shawara yakan zame masa cuta.

A shekarar 1976 wasu mata biyu masana halayyar ɗan'adam, Ellen Langer da Judith Rodin, suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka yi a gidan tsofaffi a Amurka. An raba mazauna gidan rukuni biyu. Aka shaida wa rukunin farko cewa su ne za su tsara ɗakunansu yadda suke so, su zaɓi daren da za su kalli fim, kuma kowa ya ɗauki shuka a tukunya ya riƙa ba ta ruwa da kansa. Rukuni na biyu ma an ba su shukar, amma aka ce su kwantar da hankali, ma'aikata za su kula da kome. Cikin mako uku aka ga rukunin farko sun fi kuzari da walwala da shiga jama'a. Bayan wata 18, kashi 15 cikin ɗari na rukunin farko ne suka rasu, a na biyu kuwa kashi 30.

Mai karatu na iya cewa mutanen ba su kai ɗari ba, don haka gwajin bai isa hujja shi kaɗai ba. Gaskiya ne. Amma a 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka tattara bincike 148 da suka shafi mutane sama da 300,000, suka gano cewa masu kyakkyawar hulɗa da jama'a sun fi marasa ita yiwuwar tsawon rai da kashi 50 cikin ɗari. Jiki ma haka yake, domin tsokar da ba ta aiki ramewa take yi, daga nan sai yawan faɗuwa da karaya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci tsofaffi da su motsa jiki aƙalla minti 150 a mako.

Saboda haka kyan gini da yawan ma'aikata ba su isa a auna gidan tsofaffi da su ba. Abin tambaya shi ne: me mazaunin yake yi da safe, kuma wa ke jiran sa? Gidan Humanitas da ke Deventer a Holan ya kama bakin zaren a 2012, lokacin da ya fara ba ɗaliban jami'a ɗaki kyauta bisa sharaɗin su yi awa 30 a wata suna hira da tsofaffin, suna koya musu amfani da kwamfuta.

Ko a ƙasar Hausa, inda irin waɗannan gidaje ba su yawaita ba, ana samun makamancin rukuni na biyu. Ɗa ya samu wadata, sai ya ce, "Baba, ka huta haka nan," ya hana shi gona da kasuwa, ya ɗauko shi daga ƙauye zuwa gida mai doguwar katanga a birni. Abinci da magani sun wadata, amma dattijon ya rabu da majalisar abokansa da masallacin unguwarsu, kuma ba mai zuwa neman shawararsa.